Wanda ya tashi a bakin Kwara, sai ya yi kwas kafin ya koya wa yara iyo?

DanYauri_Brisbane:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Ni haifaffen Yauri ne, a bakin Kwara na tashi, kakana na wajen uwa Basarke ne. Ban san ranar da na koyi iyo ba, kamar yadda ban san ranar da na fara tafiya ba. Yanzu ina karatu a Brisbane ta ƙasar Ostareliya. Na ga wata makarantar koya wa yara ninkaya kusa da gidanmu tana neman malamai, sai na je. Matar da ke kula da wurin ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta ce tun bayan korona suke fama da ƙarancin malamai. Amma ta ce ba za ta sa ni cikin ruwa da yaro ko ɗaya ba sai na kawo abu uku: takardar kwas ɗin koyar da ninkaya, ta AUSTSWIM ko ta ƙungiyar masu horarwa da malaman ninkaya ta ƙasar da aka sani da ASCTA (daga baya ta sauya suna zuwa SWIM Coaches & Teachers Australia), da takardar koyon farfaɗo da numfashi, da katin izinin yin aiki da yara. Na ce mata ga ruwa nan, ta gwada ni. Ta ce ba iyawata take shakka ba.

Tambayata ita ce, mene ne ainihin aikin irin wannan ƙungiya? Me za su koya mini cikin 'yan kwanaki wanda ruwan Kwara bai koya mini cikin shekara 20 ba? Wanda ya san kan abin ya taimaka.

AbuSadiq_Zariya:
Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina neman kuɗi ne kawai. Ƙasashen nan komai sai an yi masa takarda. Ka nemi wani aikin, ɗan'uwa.

UmmuHanan_Sydney:
Ƙanena DanYauri, sannu da ƙoƙari. Ni shekarata shida ina koyar da ninkaya a yammacin Sydney, kuma da irin tunaninka na fara, sai dai ni a nan na koyi iyon da girmana. Bari in warware maka, don sunayen suna ruɗa mutane.

ASCTA ƙungiya ce ta masu sana'ar da kansu, wato kociyoyi da malamai da masu makarantun ninkaya. Tun 1971 take, da farko ta kociyoyi ce zalla, daga baya aka haɗa da malamai masu koya wa 'yan koyo. Ita ke da kwas ɗin da ake kira Swim Australia Teacher. AUSTSWIM kuma daban ce, an kafa ta a 1979, aikinta horar da malamai da ba su lasisi. Yawancin makarantu suna karɓar kowacce daga cikin biyun, amma ka tambayi wurin da za ka yi aiki wacce suka fi so kafin ka biya kuɗinka.

Kwas ɗin kuma ba 'yan kwanaki ba ne kawai. Akwai karatu ta intanet, akwai ranar da za ku haɗu ku shiga ruwa, sannan sai ka yi sa'o'i kana bin wani gogaggen malami a ajinsa yana kallon yadda kake yi, kafin a auna ka a sa maka hannu. Wannan bin malamin shi ne zuciyar abin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kusan babu wanda ya damu da yadda nake iyo. Abin da suke kallo shi ne ina nake tsayawa. Idan kina da yara huɗu (haka malamata ta ce mini), ɗaya yana hannunki, ina sauran ukun? Kin juya musu baya? A aji na farko da na riƙe, na bi yarinya ɗaya har tsakiyar ruwa ina murna ta saki jiki, ashe wani yaro ya sauka daga dandamalin da suke tsayawa a bayana, ruwa ya sha kansa. Bai yi ko tari ba. Malamata ce ta ɗago shi. Daƙiƙa nawa ne? Ba su kai goma ba. Ranar ban iya cin abinci ba.

DanYauri_Brisbane:
Anti Ummu Hanan na gode. Amma ai wannan hankali ne na kowa, ko a gida babba ba ya barin ƙanana a ruwa ya juya baya.

Bakabe_Argungu:
DanYauri, ni ma ɗan ruwa ne kamarka, kuma zan gaya maka gaskiya. A gida muna juya baya. Ka tuna yadda muka koya. Babu wanda ya tsaya ya koya mana, mun bi manyanmu ne zuwa gulbi, muka rungumi gora, muka sha ruwa, muka yi amai, muka koma. Wanda ya iya ya iya. Wanda bai iya ba fa? Akwai abokin wasana da muka je wanka tare muna 'yan shekara tara, mu goma sha muna ruwa, babu wanda ya lura ba ya nan sai da muka fito muka ga rigarsa a bakin gaɓa. Mu da muka rayu mu ne ke cewa hanyar tana aiki. Shi ba ya nan balle a tambaye shi.

Hajiya_Binta_KD:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya sa mai ceto ne ga iyayensa.

Bakabe_Argungu:
Amin Hajiya. Kuma kar a ce ina raina abin gida. A kogin Matan Fada na Argungu lokacin bikin kamun kifi, ku zo ku ga kabanci: tseren iyo, nutso, kamun agwagwar ruwa, tseren kwale-kwale, kamun kifi da hannu. UNESCO ma ta sa bikin cikin kayan gadon duniya a 2016. Akwai mutanen da in sun nutse sai gabanka ya faɗi kafin su ɗago. Gwanaye muna da su. Abin da ba mu da shi shi ne hanyar da gwanin zai ɗauki ɗan birni mai tsoron ruwa ya kai shi ga iyawa ba tare da an yi caca da ransa ba.

AbuSadiq_Zariya:
To na ji. Amma me ya sa takardar take ƙarewa? Wani abokina a Ingila ya ce su ma haka ne, kullum cikin sabuntawa. In ba kuɗi ake nema ba, wanda ya iya abu ai ya iya.

Nas_Rabi:
Malam AbuSadiq, a kan wannan kam zan sa baki don aikina ne. Mu ma a asibiti ana maimaita mana horon farfaɗo da numfashi, don hannu yana mantawa. Abin da ba ka yi kullum, ranar da ya zo maka kwatsam sai ka rikice. Danna ƙirji sau 30, hura numfashi sau 2, da sauri kamar dannawa 100 zuwa 120 a minti ɗaya. A baki abu ne mai sauƙi. A kan yaron da ya yi shuɗi uwarsa tana kururuwa a kanka, wani abu ne daban.

Kuma tunda maganar ta zo, don Allah jama'a a daina danna cikin wanda aka ciro daga ruwa wai a fitar da ruwan da ya sha, ko a ɗaga shi ƙafa sama kai ƙasa. Ɓata lokaci ne, kuma abin da ke cikinsa yana iya tasowa ya shige masa hanyar iska. Abin da ke kashe shi rashin iska ne, don haka numfashin da za a hura masa ya fi komai. Ko ya farfaɗo yana magana, a kai shi asibiti, don huhu yana iya rikicewa bayan sa'o'i.

Tanko_Kumasi:
Kai, Anti Rabi, wallahi tun ina yaro danna ciki na san ana yi. Yau na ƙaru.

UmmuHanan_Sydney:
Abin da Nas Rabi ta faɗa shi ne tsarin a nan. Takardar farfaɗo da numfashi duk shekara muke sabunta ta. Lasisin koyarwa kuma duk shekara uku, kuma sai ka nuna kana koyarwa a tsakanin kuma ka ƙaro ilimi. Malam AbuSadiq, ba zan ce maka kuɗin ba ya ciwo ba, musamman ga ɗalibi. Yana ciwo. Amma akwai makarantun da ke biya wa mutum kwas in ya yarda zai yi musu aiki. DanYauri ka tambayi matar nan, tunda da bakinta ta ce suna neman malamai.

Koci_Sani_Kano:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku. Ni ina horar da matasa masu shiga gasa, kuma ina so in ƙara wani ɓangare da ba a taɓo ba. Malami daban, koci daban. Malami yana ɗaukar wanda bai iya ba ya kai shi inda ba zai nutse ba. Koci yana ɗaukar wanda ya iya ya rage masa daƙiƙoƙi. Hikimar ƙungiyar Ostareliya ita ce ta haɗa biyun a inuwa ɗaya, don yaron da zai ci zinare wata rana a hannun malamar 'yan shekara huɗu yake farawa. In ta koya masa numfashi a karkace, koci zai shekara yana gyara.

Ku duba tarihin Forbes Carlile. Masanin yadda jikin ɗan Adam ke aiki ne, ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta 1952 a wani wasan daban, kuma yana cikin waɗanda suka fara kawo babban agogon bango da masu ninkaya ke auna kansu da shi, da auna bugun zuciya a lokacin atisaye. Shi ya horar da Shane Gould, wadda ta ci zinare 3 da azurfa 1 da tagulla 1 a Munich a 1972 tana da shekara 15. Mutumin nan da matarsa Ursula makarantar koya wa ƙananan yara suka riƙe a Sydney. Ya rasu a 2016 yana da shekara 95. Abin da ya sani bai bi shi kabari ba, saboda akwai taron shekara-shekara da kociyoyi ke haɗuwa kowa ya baje abin da ya gano, akwai kwasa-kwasai mataki-mataki, akwai rubutu.

Mu a nan wanda ya san wani abu ɓoyewa yake yi kar yaron wani ya doke nasa. Ni abin da na sani rabinsa daga YouTube na tsinto.

AbuSadiq_Zariya:
Koci, ba mu da irinta a Najeriya ne? Ai akwai hukumar wasan ninkaya.

Koci_Sani_Kano:
Akwai hukumar wasannin ruwa ta ƙasa, ita ke shirya gasa da zaɓen 'yan wasa. Akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, tana horar da kociyoyi. Amma hukuma daban, ƙungiyar masu sana'a daban. Ko a Ostareliya Swimming Australia ce ke da gasa da tawagar ƙasa, ASCTA kuma ta masu koyarwa ce, tana magana da yawunsu, tana shirya musu inshora da ƙarin ilimi. Kamar bambancin ma'aikatar lafiya da ƙungiyar likitoci ne. Amurka ma tana da tata, ASCA, mai mataki biyar na takardar koci. Ingila tana da STA ta malaman ninkaya tun 1932.

Issoufou_Yamai:
Sannunku da hira. Tunda an ambaci Ostareliya da gasa, akwai abin da mu 'yan Nijar ba mu mantawa. A Olamfik ta Sydney a 2000, kowa ya san Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini da ya yi mita 100 shi kaɗai cikin minti 1 da daƙiƙa 52, jama'a suna ta tafa masa. Amma kun san dalilin da ya sa ya yi shi kaɗai? Su uku ne a rukunin. Sauran biyun, Karim Bare na Nijar da wani ɗan Tajikistan, sun faɗa ruwa kafin a ba da alama, aka fitar da su. Ɗan ƙasarmu ya je har can bai samu ya yi iyon ba. Ni ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Wanda bai saba tsayawa kan dakalin farawa gaban dubban mutane ba, jikinsa zai riga kunnensa. Irin abin da koci mai horo da yawan shiga gasa ke gyarawa ke nan. Ga kogin Isa, wato Kwara, ya ratsa Yamai, ga yara suna iyo a cikinsa kullum, amma a lakwal ba a koya mana ba.

Koci_Sani_Kano:
Malam Issoufou ka tuna mini. Kuma shi Moussambani daga baya ya zama kocin ƙasarsa.

Malam_Nura_Bagwai:
Ku yi haƙuri, ni maganar zinare ba ta gabana. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari a nan Bagwai, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya ne da ke hanyar zuwa Maulidi. A watan Mayun shekarar kuma an yi na Warra a Ngaski ta jihar Kebbi, DanYauri ya fi ni sani don maƙwabtansa ne. A 2023 aka yi na Patigi a jihar Kwara, 'yan dawowa daga biki fiye da 100. Ga kududdufai da ke cin yara duk damina. In akwai ƙungiyar malaman iyo da za ta yi mana amfani, to ta waɗannan yaran ce.

DanYauri_Brisbane:
Na Warra ina gida lokacin, Malam Nura. Kwana da kwanaki ana ciro mutane. Amma a gaskiya ko gwani ne, in jirgi ya kife a tsakiyar Kainji cike da mutane da kaya, kowa yana riƙe kowa, iyo kaɗai ba zai fid da shi ba. Can maganar rigar kariya ce da hana lodi fiye da kima da hana tafiyar dare.

Nas_Rabi:
Gaskiyarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba abu ɗaya ta ce a yi ba. Ta lissafa shinge tsakanin yara da ruwa, wurin renon yara ƙanana da rana, koya wa 'yan makaranta iyo, koya wa jama'a ceto da farfaɗowa, da dokokin jiragen ruwa. Rahotonta na 2024 ya ce mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta nutsewa a duniya a 2021. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 25 ga Yuli ta kowace shekara don wannan.

Hajiya_Binta_KD:
Ai ko addini bai bar mu a baya ba. Akwai hadisin da ya ce ku koya wa 'ya'yanku iyo da harbi da hawan doki.

Ustaz_Kabiru:
Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Gyara kaɗan: wannan lafazin an fi jingina shi ga Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, don haka gara a ce maganarsa ce. Ma'anar dai tana nan, kuma kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a.

Hajiya_Binta_KD:
Na gode Ustaz. To ga tawa matsalar. 'Ya'yana mata uku. Wa zai koya musu? Ba zan kai su wurin ninkaya na otal namiji ya riƙe su ba, kuma babu mai ganin laifina. Ummu Hanan, ku a can yaya kuke yi?

UmmuHanan_Sydney:
Hajiya, abin da ya sa na shiga aikin ke nan. Na nemi wa 'yata malama, na ga layin jira ya yi tsawo, na ce to bari ni in zama malamar. A nan akwai wuraren da ke ware sa'o'i na mata zalla, a Auburn har labule aka sa wa ɗaya daga cikin kwamin. Rigar ninkaya mai rufe jiki da ake kira burkini ma a Sydney aka ƙirƙiro ta, wata Musulma 'yar asalin Labanan mai suna Aheda Zanetti ce ta yi. Ɗalibaina da yawa iyaye mata ne daga Sudan da Afganistan da Iraƙi, wasu sun haura 40 ba su taɓa sa fuska a ruwa ba. Akwai wadda ta yi mako uku tana riƙe da bakin kwami tana kuka. Ranar da ta kwanta rigingine ruwa ya ɗauke ta, ni ma sai da na yi hawaye.

Ga inda takarda ta yi mini rana. Ba don ita ba, babu wurin da zai ba ni layi a kwaminsa, inshora ba za ta rufe ni ba, mazajen matan nan ma ba za su natsu ba. Takardar ce ta buɗe wa mai hijabi irina ƙofa, don ba a tambayi daga ina na fito ba.

Tanko_Kumasi:
Shi katin aiki da yaran fa? Ban gane shi ba.

UmmuHanan_Sydney:
Bincike ne ake yi a kan mutum a ga ko yana da tarihin cutar da yara. A Queensland inda DanYauri yake katin shuɗi suke ce masa, kuma doka ce ta jiha, ba ƙungiya ce ta ƙirƙiro ba: babu kati, babu fara aiki. Ba haka kawai aka tsaurara ba. An kafa babban kwamitin bincike na ƙasa daga 2013 zuwa 2017 kan yadda cibiyoyi suka yi sakaci da cin zarafin yara, kuma wasan ninkaya yana cikin wuraren da aka bincika. Sana'a ce da babba ke taɓa jikin yaro. Shi ya sa a kwas ake koya maka inda za ka riƙe, ka gaya wa yaro kafin ka taɓa shi, kuma kar ka taɓa keɓewa da shi inda ido ba ya kaiwa. Ƙungiya kuma tana da ƙa'idojin ɗa'a, wanda ya karya ana iya cire shi.

AbuSadiq_Zariya:
Wannan ɓangaren kam na sallama. Amma har yanzu ina kan bakana cewa tsari ne na masu kuɗi. Garin da babu ruwan famfo, ina maganar kwamin ninkaya da lasisi?

Bakabe_Argungu:
Malam AbuSadiq, ka nemi labarin Bangladesh. Ba su fi mu kuɗi da yawa ba, kuma nutsewa na cikin manyan abubuwan da ke kashe musu yara. Akwai shirin da ake kira SwimSafe, wata cibiyar bincike ta ƙasar ta yi shi da taimakon ƙungiyar ceton rai ta Royal Life Saving ta Ostareliya. Ba su gina kwami ba. Tafkin ƙauye suke samu su kafa dandamali da shinge na gora a ciki, su horar da matasan garin, maza da mata, su zama malamai. Yaro yana gamawa in ya iya iyon mita 25, ya tsaya kan ruwa na daƙiƙa 30, ya kuma san yadda zai ceci wani daga tudu ba tare da ya faɗa ba. Ka ga tsarin horar da malami ne ya yi tafiya, ba ginin ba.

Nas_Rabi:
Sai dai mu a yi hattara da tsargiya. Tafkunanmu da dam-dam da yawa suna da dodon koɗin da ke ɗauke da ita. Kar a je ceton yara daga nutsewa a dawo da su suna fitsarin jini. Duk wanda zai yi irin wannan ya haɗa kai da ma'aikatan lafiya tun wajen zaɓen ruwan.

Bakabe_Argungu:
Haka ne Anti. Sai dai yaran suna cikin ruwan nan ko da mu ko babu mu.

Malam_Nura_Bagwai:
Abin da Bakabe ya kawo shi ne ya shige ni. Muna da Sarkin Ruwa a garuruwa da yawa, muna da masunta da in an yi haɗari su ake kira su ciro mutane. Da za a zauna da su a ƙara musu yadda ake koya wa yaro da yadda ake farfaɗowa, mutane za su yarda da su fiye da baƙo.

Koci_Sani_Kano:
Za a iya, amma wa zai auna su? Wa zai ce wannan ya cancanta, wancan da sauransa? Wa zai dawo bayan shekara biyu ya duba ko suna bin tsarin? Ka ga mun dawo kan tambayar DanYauri ta farko.

Zainab_Perth:
Na shigo a makare. DanYauri, abu ɗaya zan ƙara a matsayina na uwa mai kai yara makarantar ninkaya. Ma'aunin da ake so a nan shi ne yaro ɗan shekara 12 ya iya mita 50 ba tsayawa, ya kuma yi minti 2 yana yawo kan ruwa mai zurfi. Duk da haka mutum kusan 300 ne ke nutsewa a shekara a ƙasar, kuma waɗanda aka haifa a waje irinmu suna da kaso mai yawa a ciki. Kai ma ka kiyaye, teku ba Kwara ba ce. Akwai igiyar ruwa mai jan mutum ciki, wanda ya yi kokawa da ita yana gajiya. Tsakanin tutoci masu ja da rawaya kaɗai ake shiga.

DanYauri_Brisbane:
Anti Zainab na gode, wannan na ɗanɗana a Gold Coast watan da na zo, Allah ne Ya kiyaye. Ruwan kogi na san inda ya dosa, na teku ban karanta shi ba tukuna.

Na koma wajen matar yau. Ta ce in na samo katin shuɗi zan iya fara bin ɗaya daga cikin malamansu bayan na yi ranar shiga ruwa, kuma za mu yi maganar kuɗin kwas. Na tsaya na kalli aji ɗaya ta bayan gilashi. Malamin ya yi kusan minti goma yana sa yara hura kumfa a ruwa kawai. Ni dai har yanzu ina ganin akwai abin da na sani game da ruwa da ba ya cikin littafinsu, yadda ake gane wuri mai zurfi daga launinsa, yadda ake bin ruwa a karkace a fita. Ban san ko akwai inda zan sa shi ba.

UmmuHanan_Sydney:
Akwai, ƙanena. Darasin ba iyo kaɗai ba ne, akwai ɓangaren kiyaye kai a ruwa, kuma koguna da ƙoramu suna cikin wuraren da suka fi cin mutane a ƙasar nan. Malamai da yawa a kwami suka tashi, ba su taɓa jin yadda kogi ke jan ƙafa ba. In ka zo yin sa'o'inka ka nemi ajin manya 'yan koyo ma, ba na yara kaɗai ba.

AbuSadiq_Zariya:
Allah Ya taimaka. In ka gama ka faɗo mana nawa ka kashe gaba ɗaya, ina so in sani.

Hajiya_Binta_KD:
Koci Sani, tambayata ba ta samu amsa ba ta ɓangaren gida. A Kano ko Kaduna akwai macen da ka sani tana koyarwa, wadda ta iya farfaɗo da numfashin nan da Nas Rabi ta faɗa? In akwai ka yi mini magana ta akwatin sirri, hutun yara ya kusa.